Waƙoƙin Reno na Dare: Tsakanin Kunnen Jariri da Kunnen Mutanen Gida

4.1 Matsayin Waƙoƙin a Rabe-raben Masana

A babin da ya gabata an yi bayanin waƙoƙin baka na mata, inda aka kawo na daka da na niƙa da na daɓe da kuma na reno. A nan za a keɓe nau'i ɗaya daga cikin waƙoƙin reno a yi tarkensa, wato waɗanda ake rerawa cikin dare a lokacin da jariri ya farka ya ƙi komawa barci. Dalilin keɓe su shi ne, yanayin da ake rera su ya sha bamban da na rana. Da rana ana wasa da yaro ne a tsakar gida, ana cilla shi sama ana cafewa, ana tafi ana dariya a gaban jama'a. Da dare kuwa mace ɗaya ce a cikin ɗaki, ga duhu ga gajiya, ta sassauta murya don kada ta tashi sauran yara, kuma mai yiwuwa wannan ne tashinta na uku ko na huɗu tun bayan sallar isha'i.

An saba sanya waƙoƙin reno a rukunin waƙoƙin yara, a kuma ce turkensu shi ne lallashi. Ruth Finnegan ma, a littafinta Oral Literature in Africa (1970), a babin waƙoƙin yara ta kawo su, ko da yake ta nuna cewa manya ne suke tsara su, kuma sukan ɗauki abin da yake zuciyar mai rerawa. Wannan rabo yana da rauni. Yaro ba shi ya tsara waƙar ba, ba shi yake rera ta ba, sannan jaririn wata 2 ko 3 bai san ma'anar ko da kalma ɗaya daga cikinta ba. To, idan haka ne, me ya sa ake ɗora wa waƙar yabo da alƙawari da ban tsoro, har da habaici? Ra'ayin wannan nazari shi ne, waƙar reno ta dare tana da masu sauraro iri biyu. Rauji da kari rabon jariri ne, kalmomi kuwa rabon manya ne, wato mai renon da kanta da kuma duk wanda yake jin ta a bayan bango.

4.2 Farkawar Dare da Zubin Waƙar

Kafin a shiga zubi da tsari, ya kamata a san matsalar da waƙar take ƙoƙarin magancewa. Sabon jariri yakan yi barcin awa 14 zuwa 17 a yini da kwana, amma a gutsuttsure. Zagayen barcinsa gajere ne, kimanin minti 50 zuwa 60, kuma kusan rabinsa barci ne marar nauyi wanda ƙaramin motsi yake katse shi. Cikinsa ƙarami ne, nonon uwa kuma ba ya daɗewa bai narke ba, shi ya sa yakan nemi mama sau 8 zuwa 12 a yini da kwana. Jikinsa ba ya fara bambanta dare da rana sosai sai ya kai wata 2 zuwa 3. Wani bincike da Pennestri da abokan aikinta suka yi a Kanada kan jarirai 388, wanda aka buga a 2018, ya nuna cewa kashi 38 cikin ɗari na 'yan wata 6 ba sa yin awa 6 a jere ba su farka ba, kuma ko a wata 12 akwai kashi 28 da suke haka. Ke nan farkawar dare ɗabi'ar jariri ce, ba rigima ba ce, ba kuma alamar cewa nonon uwa bai ishe shi ba.

Idan aka yi la'akari da wannan, za a ga cewa abubuwan da mai nazari zai iya ɗauka a matsayin talaucin fasaha a waɗannan waƙoƙi su ne ainihin ƙarfinsu. Saɗarunsu gajeru ne, gindin waƙar yakan fi ɗiyanta yawa, kuma ana maimaita shi har sai ya zama kamar numfashi. Babu kiɗa, babu 'yan amshi. Raujin ba ya hawa sama da nisa, yakan gangaro ƙasa a ƙarshen kowace saɗara. Akwai kuma sautuka marasa ma'ana da ake ja a tsakanin kalmomi, waɗanda ba a samun su a ƙamus. Daɗin daɗawa, waƙar ba ta da ƙarshe tsayayye. Mawaƙin fada yana da inda zai dire, amma mai reno ba ta direwa sai yaro ya yi barci, saboda haka tilas zubin ya kasance wanda za a iya ja na minti 2 ko na rabin awa ba tare da ya lalace ba. Wanda ya auna irin wannan waƙa da ma'aunin waƙoƙin Narambaɗa ko na Ɗanƙwairo, ya nemi tsararren turke da warwararsa, bai yi mata adalci ba.

Akwai hujja daga waje da take ƙarfafa cewa sauti ne yake aiki a kan jariri. A 1993 Sandra Trehub da abokan aikinta a Kanada sun nuna cewa manya suna iya gane waƙar reno ko da daga wata al'umma take wadda ba su san harshenta ba. A 2021 kuma wasu masana na Jami'ar Harvard ta Amurka sun buga sakamakon gwajin da suka yi wa jarirai 144, inda suka kunna musu waƙoƙin reno na baƙin harsuna, sai bugun zuciyarsu ya sassauta fiye da lokacin da aka kunna musu waƙoƙin da ba na reno ba. Jariran ba su san harsunan ba, ba su san masu muryoyin ba, amma sun natsu.

Abin da rubutu yake zubarwa idan aka kwashe waƙar aka sa a takarda shi ne jiki. Karin waƙar daga motsin mai reno yake fitowa: jijjiga a kafaɗa, bubbuga baya da tafin hannu, ko kai-da-kawo a ɗaki da goyo a baya. A 2022 wasu masana a Japan ƙarƙashin Kumi Kuroda sun gwada jarirai 21, suka ga cewa ɗaukar jariri mai kuka a yi tafiya da shi ta minti 5 tana kwantar da shi, kuma idan aka zauna da shi na minti 5 zuwa 8 kafin a shimfiɗe shi, ya fi wuya ya sake farkawa. Matan Hausawa sun daɗe da sanin wannan da zane da majanyi. Saboda haka duk nazarin waƙar reno da ya tsaya ga matani kaɗai, rabin waƙar ya nazarta.

4.3 Kalmomin Waƙar da Masu Su

Tubalan da aka fi gina waɗannan waƙoƙi da su sanannu ne. Akwai yabon yaro da danginsa, da yi masa fatan girma da arziki, da alƙawarin cewa wani yana tafe da tsaraba, da kuma tsorata shi da dodo ko kura. Idan aka ɗauki kowanne aka tambayi wanda zai iya amfana da shi a cikin daren, amsar ba ta faɗawa kan jariri.

A ɗauki ban tsoro, domin shi ne ya fi fitowa fili. Tsoratarwa ba ta aiki sai ga wanda ya san abin da ake tsorata shi da shi. Yaro ɗan shekara 3 ya san kura a tatsuniya, jariri kuwa bai sani ba. Har ila yau, ana furta kalmomin tsoron ne da murya mai taushi, ana shafa bayan yaron, wato ma'ana tana tafiya gabas, murya tana tafiya yamma. Wannan saɓani ba kuskure ba ne. Hanya ce da mai reno take fitar da ɓacin ran da rashin barci ya tara mata ba tare da ta taɓa lafiyar yaron ba. Ta kira masa kura da baki, hannunta kuma yana lallashinsa. Ba Hausawa kaɗai ke da wannan ba, domin kuwa mawaƙin Sifen, Federico García Lorca, a laccar da ya yi a 1928 kan waƙoƙin renon ƙasarsu, ya lura cewa cike suke da baƙin ciki da abin tsoro, ya kuma danganta hakan da wahalar matan talakawa da suke rera su.

Alƙawarin tsaraba shi ma haka yake. Idan yaya ko 'yar reno ce take waƙar, mai zuwan uwa ce da ta fita, kuma a ƙarƙashin lallashin akwai ƙorafin yarinyar da aka bar wa aikin da ya fi ƙarfinta. Idan uwa ce take yi, mai zuwan uba ne, kuma lissafin abin da zai kawo yakan zama tuni ga maigida a kan abin da ake jira daga gare shi. Shi kuwa yabon dangin yaro, a gidan da ake da kishiya ko ake zaune da uwar miji, ba ya rasa wanda ake nufi da shi. Dare yana kai murya nesa, ɗakuna kuma a haɗe suke. Mace ta yaba wa kakannin ɗanta na wajen uwa, ta ambaci masu baƙin cikin ganinsa ba tare da kiran suna ba, saƙo ya isa, kuma babu mai iya kai ƙararta, don ai lallashin yaro take yi. A wannan fuska waƙar reno 'yar uwar waƙar niƙa ce, wadda aka riga aka san ta da habaici.

Wurin da wannan fassara ta fi amfani shi ne batun kunyar ɗan fari. A al'adar Bahaushe uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950 aka buga a 1954, ta yi bayanin wannan kunya da yadda ake ba dangi riƙon ɗan fari. Amma ɗan fari shi ma yana farkawa da dare, kuma nono a wurin uwarsa yake. A kwanakin jego, idan ta je wanka gida, akwai tsohuwa a kusa da za ta karɓe shi bayan ya sha. Bayan arba'in, ta koma ɗakinta, sai ita kaɗai. A wannan lokaci ne, da babu idon kowa, take iya kiransa da laƙabi da kirari, ta faɗa masa abin da kunya ta hana ta faɗa da rana. Wannan ne ya sa laƙabi ya fi sunan yanka yawa a waƙoƙin. Ba adon harshe kawai ba ne, kunya ce ta tilasta shi, sai ya zama salo.

4.4 Inda Waƙoƙin Suka Gaza

Duk da haka, bai kamata tarke ya zama yabo zalla ba. Gazawa ta farko ita ce hoton uba. A cikin waƙoƙin, uba matafiyi ne, ko ɗan kasuwa, ko mai kawo tsaraba, amma ba a nuna shi a matsayin wanda zai tashi ya karɓi yaro don uwa ta runtsa. Waƙar tana ba mace hanyar yin ƙorafi, amma ƙorafin a kan tsaraba yake tsayawa, ba ya kaiwa ga rabon aikin dare. Ta haka sai ta zama tana rage zafin matsalar tana kuma tabbatar da ita. A da, gidan gandu yana cike wannan giɓi, don akwai kaka da goggo da ƙannen miji. Ga matar da take zaune a gidan haya a Kano ko Kaduna, ita da mijinta kaɗai, wataƙila kuma tana da aikin da za ta fita da safe, waɗannan hannuwa babu su.

Gazawa ta biyu ta fi haɗari. Waƙoƙin suna ɗaukar kowane kuka a matsayin rigima ko kewa, maganinsa kuma haƙuri. Ba su da wurin kukan ciwo. Alhali kuwa jaririn da bai kai wata 3 ba idan jikinsa ya yi zafi, ko ya ƙi kama mama, ko numfashinsa ya canza, asibiti yake bukata a daren, ba lallashi ba. Sannan idan waƙa ta ƙare haƙuri ya ƙare, akan koma ga wasu dabaru: a ɗura wa jariri ruwa ko jiƙo bisa zaton yunwa ce, alhali tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nono zalla har wata 6, ko a sayo maganin mura mai sa barci a kemis a ba shi. Irin su Phenergan likitoci sun hana a ba yaron da bai kai shekara 2 ba, saboda yana iya danne numfashinsa.

A ɗaya gefen kuma, dabarar barin yaro ya yi kuka na ɗan lokaci a ɗakinsa har ya koyi komawa barci da kansa, wadda likitan Amurka Richard Ferber ya yaɗa a littafinsa na 1985, an gina ta ne a kan gidan da jariri yake da ɗaki nasa, kuma ba don 'yan watannin farko aka tsara ta ba. A ɗakin da uwa da jariri da yayyensa suke kwana a ƙarƙashin gidan sauro ɗaya, maƙwabta kuma suna jin komai, kukan minti 10 ya isa a aiko a tambayi ko lafiya.