Yaƙin Basasa da Alƙalaminmu: Darasi Daga Umuahia

A hutun ƙarshen zango da ya wuce Allah Ya nufe mu da ziyartar Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa da ke Umuahia, jihar Abiya, wanda aka kafa a 1985. Garin nan shi ne hedikwatar Biyafara bayan faɗuwar Inugu a 1967, har sojojin tarayya suka kama shi a watan Afrilu na 1969. Mun ga motocin sulke da 'yan Biyafara suka ƙera da hannunsu, da nakiyar nan mai suna Ogbunigwe, da ƙananan jiragen sama, muka kuma gangara ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda rediyon Biyafara yake watsa shirye-shiryensa.

Muna tsaye gaban waɗannan ƙarafa sai tunanin adabinmu ya faɗo mana. Lokacin yaƙin, wato daga Yuli 1967 zuwa Janairu 1970, mawaƙan Hausa ba su yi barci ba. Sha'irai irin su Alhaji Aƙilu Aliyu sun wasa soja, an rera waƙoƙi a rediyo, an buga wasu a Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ta fuskar azanci da sarrafa harshe ba mu da abin cewa. Sai dai aikinsu zuga ne da kirari, gwarzo a gefe guda, abin zambo a ɗaya gefen. Wannan ya dace da ranar da ake fafatawa. Amma a cikinsu da wuya ka ji muryar matar da aka kawo wa kayan mijinta a buhu, ko yaron ƙauye da ya shiga soja saboda albashi, ya dawo da ƙafa ɗaya.

To, wa zai cike wannan giɓi in ba marubucin zube ba? Inyamurai sun rubuta nasu ɓangaren, tun daga Chinua Achebe har zuwa Chimamanda Adichie a 2006. Mu kuwa daga shekarun 1980 zuwa yau littattafanmu sun fi karkata ga soyayya da kishi, kaɗan ne ƙwarai suka leƙa wannan fage. Alhali dubban 'ya'yanmu sun je bakin daga, kuma kashe-kashen 1966 a garuruwanmu aka yi su, abin da har yanzu muke kauce wa ambatonsa.

Shawararmu ga 'yan'uwa, musamman masu tasowa, ita ce a nemi tsofaffin sojojin da suka rage a unguwanninmu, a zauna a saurare su. Mafi ƙanƙantarsu ya haura shekara saba'in, kuma kullum raguwa suke yi. In an zo rubutawa, kada a mai da labarin kirari. A bar tsoro da yunwa da nadama su fito yadda mai labarin ya faɗe su.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu ta kowane ɓangare, Ya kiyashe mu da maimaita irinsa, amin.