Miura da Basfa: A Ina Gwanintar Italiya Take?

Idan masana motoci suka tashi yabon ƙirar Italiya, sunan Lamborghini Miura ne kan riga sauran fitowa. An baje ta a birnin Jeniba a 1966, kuma ta cancanci rabin kirarin da ake yi mata. Injiniyoyin Ferruccio Lamborghini, mutumin da ya yi arzikinsa da ƙera taraktoci, sun ɗauki inji mai silinda 12 suka girke shi a gicciye bayan kujerar direba, domin nauyi ya taru a tsakiya, mota ta riƙe kwana. Marcello Gandini, yana ɗan shekara 27, ya lulluɓe shi da jikin da tsayinsa daga ƙasa da kaɗan ya ɗara mita ɗaya. Ido ba ya ƙoshi da ita.

Sauran rabin kirarin shi ne abin tuhuma. Tankin mai a gaba yake, saboda haka duk sa'ad da mai ya ja baya sai goshin motar ya yi sakayau, ya riƙa neman ɗagawa a tsananin gudu. Inji da giya kuma baƙin mai ɗaya suke sha, aibin da ba a gyara ba sai dab da daina ƙera ta. Zafi da ƙugin inji suna daidai ƙeyar direba. Duk waɗannan an yafe mata, domin waɗanda suka saye ta, da ba su kai 800 ba, suna da wasu motocin na zuwa aiki.

A ganina, gwanintar Italiya ta fi bayyana a wani abin hawa da ya girme ta da shekara 20, wato Vespa, wadda bakin Bahaushe ya mayar basfa. Corradino D'Ascanio, mai zana jiragen sama, ba ya ƙaunar babur, kuma wannan ƙiyayya ce ta yi masa jagora a kamfanin Piaggio a 1946. Ya tsani sarƙa mai ɓata tufafi, sai ya manna injin da tayar baya kai tsaye. Ya mayar da canjin giya hannu. Tayar gaba ya rataye ta a ƙafa ɗaya irin ta saukar jirgi, domin a kwance ta a sa safaya cikin sauƙi. Ya bar fili tsakanin kujera da kan babur, ya sa garkuwa a gaban gwiwa. An ce siket ɗin matan Italiya ya duba; babbar riga ce ta ci riba. Malamin makaranta ko ma'aikacin En'e zai taso daga Kazaure da farar shadda, ya sauka a Roni ba ɗigon baƙin mai a jikinta.

Ita ma ba a rasa ta da laifi. Ƙananan tayoyinta na titin birni ne. A rairayi sai ta riƙa rawa, a hanyar duwatsu irin ta ƙauyukan Roni kuwa kowane rami sai mahayi ya ji shi a ƙugunsa. Injin da ke gefe ɗaya yana rinjayar ta, ga hayaƙin fetur da ake gaurayawa da baƙin mai. Ba mamaki da baburan Japan, daga baya na Sin da Indiya, suka ƙwace mata ƙauye.

Sai dai zuriyarta ba ta yanke ba. A 1948 Piaggio ya ƙara mata taya ɗaya da mazaunin kaya, ya kira ta Ape. Kamfanin Bajaj na Indiya ya fara ne da ƙera su bisa lasisin Piaggio, daga nan keke mai ƙafa uku ya yaɗu. Shi ne A Daidaita Sahu da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta shigo da shi Kano a 2005, wanda ya cika gari bayan an hana acaɓa a 2013, kuma yau shi ke kai mai naƙuda asibiti a garuruwan masarautar Kazaure.