Wa'azi a Kasuwar YouTube: Tsokaci kan Tashe da Dusashewar "Izzar So"

A shekarar 2020, lokacin kullen annobar korona, Lawan Ahmad, ɗan asalin Bakori ta jihar Katsina, ya fara sakin fim mai dogon zango, "Izzar So", a tasharsa ta Bakori TV da ke YouTube. Shirin ya karɓu nan da nan, har a ƙauyukan Faskari irin su Ruwan Godiya, inda matasa kan biya 'yan kuɗi a tura musu a waya. Sirrin karɓuwar shi ne Umar Hashim, talaka mai riƙon amana, wanda ke fuskantar izzar Nafisa da haƙuri da hujjar addini.

Sai dai kasuwar da ta ɗaga shirin ita ce ta raunana shi. YouTube na biya ne gwargwadon kallo da talla, saboda haka kammala labari tamkar rufe shago ne. Aka yi ta jan zare, makirci na bin makirci, nasihar da a da ke fitowa daga halin jarumi ta koma jawabin cike gurbi. Rasuwar darakta Nura Mustapha Waye a 2022 ta ƙara wa ginin rauni.

Abin lura ga ɗaliban da'awa shi ne, darasin haƙuri ba ya cika sai an ga ƙarshensa. Idan riba ce ke tsara tsawon labari, za a yi ta ɗage sakayyar mai gaskiya, har mai kallo ya fara zaton zalunci ne mai dogon kwana.