Inda Kalangu Ke Sassautawa Baki Ya Karɓa

Wanda ya taɓa tsayawa a filin wasan tauri a yammacin Katsina, ko a Babban Duhu ta ƙasar Safana ko a ƙauyukan Batsari na bakin dajin Rugu, ya san wannan gaɓa. Kiɗa ya yi zafi, ƙura ta turnuƙe, sai ɗan tauri ya daka tsalle ya dire gaban makaɗi, wuƙa tsirara a hannu. Nan take makaɗin ya sassauta hannu, sai ɗan taɓi-taɓi. Gogan naka ba rerawa zai yi ba, magana zai yi. Ya kira sunan ubangidansa, ya jero dazuzzukan da ya kwana, ya yi wa abokan karawa gugar zana. Yana dire kirarin, kiɗa ya sake ɓarkewa.

A Amurka ma an yi irin wannan aure tsakanin magana da kiɗa, cikin salon jita mai ƙara da suke kira rok. Patti Smith marubuciyar waƙoƙi ce tun asali. A 1971 ta tsaya a wata majami'a a birnin Niyok tana karanta baitocinta, Lenny Kaye na kaɗa mata jita a gefe. Daga nan aka kai ga faifanta Horses na 1975, inda za ka ji ta fara da zance kamar mai ba da labari, sannu a hankali zancen ya rikiɗe ya zama rerawa. Da aka ba mawaƙi Bob Dylan lambar Nobel ta adabi a 2016, malamansu sun yi ta ka-ce-na-ce kan ko kalmomin mawaƙi sun isa a kira su adabi. Mu kam tun 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata, ɗan Musawa, digirin girmamawa.

Sai dai akwai bambancin da nake ganin shi ne gishirin zancen. A can mutum ɗaya ke ɗauke da kayan duka: shi ya rubuta, shi zai rera, shi zai tsaya ya yi magana, kuma galibi damuwar ransa yake amayarwa. A wajenmu raba aikin aka yi. Mawaƙi na jan baiti, 'yan amshi na riƙe gindin waƙa, sanƙira kuma na kutsawa tsakani da baki zalla, yana fayyace wa jama'a wane ne ake wasawa, ɗan wa ne, me ya bayar. Wani lokaci ma wanda ake yi wa waƙar shi zai karɓe fagen da kirarinsa. Maganar ba ta mawaƙi kaɗai ba ce, ta taro ce.

Waɗanda suka fi kusa da haɗa komai a baki ɗaya su ne makaɗan maza. Kassu Zurmi, wanda daji ne kawai ya raba ƙasarsu da Batsari, da wuya ka ce ga inda kirarinsa ya ƙare waƙa ta soma. Muhammadu Gambu na Fagada, mai waƙar ɓarayi da ya rasu a 2016, yakan saki amshi ya shiga labari tiryan-tiryan, kalangu na biye da shi kamar kare da maharbi. Ban yaba abin da yake wasawa ba, amma ko maƙiyinsa ya san bakin nan ya iya zance.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne waƙar situdiyo. Kiɗan fiyano da aka ɗora a kwamfuta ba ya ganin wanda ya dira a fage, balle ya sassauta masa. Abin da ya rage na magana sai jerin gaisuwar masu kuɗi a ƙarshen waƙa. Filin ma ya ƙuntata: tun da 'yan bindiga suka mamaye Rugu, taron dare da fita farauta sun ja baya a wannan yanki. Samarin Safana da yawa a katin waya suka fara jin muryar Kassu, a teburin mai shayi, kafin a tashi a rufe ƙofa da wuri.