Gwanin da ke ɗaure dalma a ƙasa

Farar albasar Sukukutane ta yi sunan da har masu binciken iri suke kiranta da sunan garin. Amma albasa ba ta zaɓe: abin da ƙasa ta ba ta shi take kaiwa tukunya. Duk mai garkar da ke zuba takin bola, a can ko a wajen Kano, yana iya kwaso mataccen batir da ɓawon tsohon fenti, wato dalma da kadmiyom, bai sani ba. Masu lambun bakin rafukan Jakara da Getsi nasu ya fi nauyi, don ruwan masana'antun Bompai ke ratsa su.

Waɗannan ƙarafa ba sa ruɓewa. A Zamfara, bayan dalma ta kashe yara fiye da 400 a 2010, sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zubo sabuwa. Wa zai kankare gona? Shi ya sa manomin da ya iya ɗaure guba a inda take yake burge ni.

Da tsince taki yake farawa, kamar mai tsintar shinkafa. Daga nan sai tsamin ƙasa. Jigawa mai rairayi da tsami ita ce ke narkar da kadmiyom ta miƙa wa saiwa. Idan ya barbaɗa toka ko farar ƙasa ya cuɗa, tsamin ya faɗi, ƙarfen ya maƙale. Ba ya cikawa, don toka in ta yi yawa shuka kan kasa jan wasu sinadaran da take buƙata, ganye ya yi rawaya. Wannan awon hannu ba a koyonsa a damina ɗaya. Ruɓaɓɓen takin shanu da gawayin karan hatsi ko na ɓuntun shinkafa su ma kama ƙarfe suke yi, kuma gawayi kan shekara da shekaru yana aiki.

Sai zaɓen shuka. Kadmiyom ganye yake hawa, saboda haka fegin da yake zargi ba ya ganin latas ko alayyafo. Tumatir da tattasai yake sa masa, don kaɗan ke isa cikin 'ya'ya. Dalma kuwa malalaciya ce, a saiwa take zama da kuma ƙurar da ta manne wa amfani. Albasar da ta fito daga irin wannan wuri sai an ɓare mata riga biyu, an wanke da ruwan rijiya, kafin ta ga wuƙa.