Sawun Kaza a Bayan Ƙwarya

Ranar Talata, idan kasuwar Mafara ta cika ta batse, ka ratsa ta wajen masu fura da nono ka ɗan dakata. Kafin ka kai ludayi baki, dubi abin da aka zubo nonon a ciki. Wata ƙwaryar fara ce sol, an goge ta har tana ɗaukar ido. Wata kuwa bayanta cike yake da zane: layi bisa layi ya zagaye baki, 'yan kusurwoyi sun jeru kamar haƙoran zarto, ɗigo-ɗigo ya bazu a tsakani kamar jikin zabuwa. Yawancinmu mukan sha furarmu mu tashi, ba mu tambayi hannun da ya yi wannan aiki ba, balle inda ya samo fasalinsa. Alhali wurin ba shi da nisa. A gona ya samo shi, da bakin gulbi, da tsakar gida.

Ita ƙwaryar ma 'yar gona ce. Da saukar damina ake shuka duma, ya yi ta yaɗo a ƙasa, ya hau danga, ya haye rufin ɗaki, ya yi farar fure. Daga Faru zuwa Maradun, ka gangaro Bakura, ba baƙo ba ne a bayan gida. Sai kaka ta yi, igiyarsa ta bushe, sannan a tsinke shi. Kowane iri da siffar da Allah ya ba shi, kuma Bahaushe ya raɗa wa kowace siffa suna: masaki babba, ƙwarya matsakaiciya, ƙoƙo ƙarami, ludayi mai hannu, gora mai wuya, jallon alwala, zungurun ƙunshi, shantun 'yan mata. Maginin tukunya shi ke yanke wa yumɓu siffa, masassaƙi shi ke fitar da akushi daga gungumen itace. Mai zanen ƙwarya kuwa tarar da siffa yake yi an riga an gama, nasa ya karanta ta ya bi.

Aikin yana farawa tun kafin a kai ga zane. Sai duma ya bushe sarai a fafe shi gida biyu daidai wa daida, don in zarto ya karkace ko kaɗan, baki ya lalace ke nan. A kwashe totuwa da 'ya'ya, a jiƙa, a kankare cikin da ƙarfe mai lanƙwasa, a yi ta sauya ruwa har ɗacin ya fita, sannan a shanya a inuwa don kada zafin rana ya tsaga ta. Kwanaki ake ɗauka. Wanda ya taɓa yin wannan hidima ba ya bukatar a fassara masa karin maganar da ke cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Inda gwaninta take soma bayyana shi ne wajen rabon fili. Takarda shimfiɗaɗɗiya ce, tana da kusurwa huɗu da mutum zai kafa awo a kansu. Bayan ƙwarya kuwa dunƙule yake, ba farko ba ƙarshe, kuma babu ƙwarya biyu masu girma ɗaya. Gwani yakan kifa ta a cinya ko tsakanin ƙafafu, ya juya ta sau biyu sau uku yana shafawa, ya gano cibiyar da ke gindi. Daga nan ya ja layi ya raba ta biyu, ya raba huɗu, ya raba takwas, duk da ido da taƙin hannu. Sai ya yi wa baki ɗamara. Abin da za a lura shi ne wuƙar ba ta cika yawo ba, ƙwaryar ce ake juyawa a ƙarƙashinta. Idan ya zagayo, kusurwar ƙarshe sai ta haɗu da ta farko ba tare da an matse ta ko an miƙe ta ba. A wannan mahaɗa ake gane ɗan koyo. Masu saye da suka san kan abin, can suke fara kai ido.

Hanyoyin zanen uku ne sanannu. Akwai tsaga da bakin wuƙa, layi siriri kamar gashi, wanda ba ya fitowa sosai sai an shafa masa baƙi. Akwai kankara, inda ake ɗauke fatar bayan a wasu wurare a bar ta a wasu, sai farin da ke ciki ya fito ya zama fili, zanen kuma ya tsaya a sama da launinsa na asali. Wannan ita ce hanyar da aka fi sanin masassaƙan Hausa da ita, kuma ita ta fi haɗari, domin kaurin ƙwarya bai taka kara ya karya ba. Wuƙa ta ɗan nutse fiye da ƙima, an huda abin da zai riƙe nono. Ta uku zanen wuta: a jera ƙarafa cikin garwashi, a ɗauki ɗaya a ja layi, kafin ya huce a mayar a ɗauki wani. Ƙarfe ya yi ja da yawa ya ƙone wuri, ya yi sanyi ya bar layi rabi baƙi rabi fari. Da ƙauri da launin hayaƙi mai aikin ke gane zafin da ya dace. A duk hanyoyin uku babu gogewa. Abin da hannu ya yi ya zauna, kuskure kuwa sai dai a san dabarar da za a mayar da shi ado.

To, me ake zanawa? A nan ne abin ya fi burge ni. Da wuya ka ga mai zanen ƙwarya ya zana kaza sukutum da guda. Abin da yake ɗauka shi ne sawun da ta bari a jiƙaƙƙiyar ƙasa bayan an yi ruwa, yatsu uku gaba ɗaya baya, ya jera shi ya zagaye baki. Daga zabuwa ɗigon jikinta yake ara, tunda kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta. Daga maciji, lanƙwasar da ya bari kan rairayi. Daga kifin Gulbin Sakkwato, yadda ɓawon jikinsa ke hawa kan juna. Daga zangarniyar gero, jerin ƙwaya. Daga saƙar zuma, ɗakuna masu kusurwa shida. Ko ƙadangare, da yakan fito da jikinsa, sai an rage shi ya koma layuka kaɗan da wutsiya. Hatta dagi, ƙullin nan da ya zama tambarin Arewa, sunansa na tafin ƙafar kyanwa da zaki ne.

Ba abin mamaki ba ne a ga haka a wannan ƙasa. Faru, wadda sunanta ma sunan itacen nan ne mai 'ya'ya tsami-tsami, tana cikin wuraren da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a shekarun 1780, lokacin da ya yi kusan shekara biyar yana wa'azi a Zamfara. Mutanen da suka tashi suna jin malamai na tsoratarwa kan sifanta abu mai rai sun sami hanyar da ido zai more halitta ba tare da an kwaikwayi ruhinta ba. Sun bar dabbar, sun ɗauki tsarin da ke jikinta. Yin hakan sai mai dogon kallo. Kowa na iya cewa ya ga zabuwa, amma sai wanda ya zauna ya ƙura mata ido zai san cewa ɗigon jikinta ba duka girmansu ɗaya ba ne.

Launin ma daga nan gida yake fitowa. Baƙi, kunkunniyar gindin tukunya ce a kwaɓa da mai, a cusa cikin tsaga, a goge saman. Fari, alli ko farar ƙasa. Ja, karan dafi, jan kuben nan na wani irin dawa, wanda dukawa ke rina fata da shi idan an haɗa da kanwa. Sauran aikin kuwa shekaru ne ke ƙarasa shi: hayaƙin ɗaki da maiƙon hannu su ke mayar da ƙwarya ruwan zuma, launin da ba a sayar da shi a kasuwa.

Ba duk zane ake yi don ciniki ba. Akwai ƙwaryar da uwa ke tanada don jeren 'yarta, akwai wadda Bafulatana ke adanawa ba ta taɓa zuba mata komai, sai ranar biki ta fito da ita a gani. Kuma ƙwarya ba ta tsaya a ɗakin girki ba. Ita ce cikin goge da garaya da gurmi. Ita mata ke kifawa cikin ruwa su yi kiɗan amada, wanda marigayiya Barmani Coge ta Funtuwa, da ta rasu a 2013, ta kai shi ko'ina. Gora kuwa shi masunta ke hawa su yi iyo, kamar yadda ake gani a bikin kamun kifi na Argungu tun 1934.

Duniya ma ta san darajar abin. Duma yana cikin tsirrai na farko da ɗan Adam ya fara nomawa, kuma a gaɓar tekun ƙasar Feru, a Kudancin Amurka, an haƙo ƙoƙuna masu zane da suka haura shekara 4,000. Garin Oyo ya yi suna da farar sassaƙa. A 1977 wani Bature, T. J. H. Chappel, ya fitar da littafi guda sukutum kan ƙoren ƙasar Adamawa, inda mata ne suka fi riƙe zanen wuta.

Yau roba da samira sun mamaye kasuwa, ba sa fashewa da wuri, ba sa bukatar gyartai. Shi kansa gyartai, mai huda tsagaggiyar ƙwarya da basilla ya ɗinke ta, ya kusa zama sai a karin magana. Amma masu fura har gobe sun fi yarda da ƙwarya, suna cewa nono ya fi sanyi da ɗanɗano a cikinta. Kuma kayan aikin ba su ƙare ba. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakalori a 1978, ruwa yana bin magudanai har gonakin Mafara da Bakura, duma kuwa bai daina hawa danga ba. Yaron da ke son ya gwada hannunsa ba ya jiran fenti daga Gusau ko Kano. Ya nemi fasasshen sakaina, ya wasa ƙusa, ya fita tsakar gida da sassafe bayan an ɗauke ruwa, kafin a yi shara. Kaji sun riga sun rubuta masa darasin farko a ƙasa.