Jinjina Ga Matasan Jirgin Global Mercy

A 2023 jirgin asibiti na Global Mercy, mallakar ƙungiyar Kirista ta Mercy Ships da aka kafa a 1978, ya isa Freetown ta Saliyo don yi wa marasa lafiya tiyata kyauta. Likitoci aka fi ambata, amma akwai matasan da suka baro ƙasashensu suna koyon hidima ba albashi. Tun da sassafe wasu na kicin suna yanka albasa, wasu na goge benaye, wasu na wankin zannuwan majinyata. Bayan addu'ar yamma su kwanta a ƙananan ɗakuna, kan gado mai hawa biyu. Da guminsu aikin yake tafiya.